Malama Ta-Yaya da Akwatin da Ba Akwati Ba

Bakwai saura kwata take shigowa ƙofar makaranta, ko ana ruwa ko ana rana. Ba zan yi kuskure a kan wannan ba, domin gyaran agogo na yi har idona ya ce ya gaji. Jaka biyu take riƙewa, ɗaya ta littattafai, ɗayar kuma tana ƙara kacau-kacau kamar ta mai sayar da makullai. Ajinta shi ne na ƙarshe a baranda, dab da tankin ruwa. Idan ta buɗe shi, ba ta fara komai sai ta bi teburan ɗaya bayan ɗaya ta mai da kowanne kan ɗigon fentin da ta yi masa a ƙasa. Mai shara kan ture su, shi kuwa yaron da ba ya gani, da ƙafarsa ya haddace ɗakin. Taku huɗu ne daga ƙofa zuwa teburinsa, in ya zama uku da rabi, gwiwarsa ce za ta ji a jikinta.

Daga nan sai ta juye jakar nan mai ƙara a cikin tire: murafan kwalba, maɓallai, igiyoyi masu ƙulli, robar ɗaure kaya, guntayen katako. Sannan ta zauna, ta rufe ido, ta bi takardun ranar da yatsa, irin waɗanda aka huhhuda da ɗigo-ɗigon rubutun makafi. Nakan ga leɓenta yana motsi. Da farko na ɗauka addu'a take yi, ashe lissafin take bi ta hanyar da yaran za su bi shi.

Shekara talatin da biyu ke nan tana koyar da lissafi ga yaran da ba sa gani, da waɗanda ba sa ji, da waɗanda hannunsu ba ya iya riƙe fensir. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba a taɓa kiranta a rediyo ba, ba a taɓa rataya mata komai a wuya ba. Ni kuwa kakan ɗaya daga cikin ɗalibanta ne. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, don haka a yi mini uzuri in alƙalamin ya yi tuntuɓe. Shekara shida ina rako jikata makaranta, in zauna a bencin da ke ƙarƙashin tagar ajin har a tashi. Ba ni da wurin zuwa, kuma akwai wani ƙadangare mai jela biyu a jikin tankin nan da nake son in gane da wacce yake aiki. Abin da zan faɗa, ta tagar nan na gani, sauran kuma waɗanda suka gani ne suka ba ni.

Yara ne suka raɗa mata suna Malama Ta-Yaya. Idan yaro ya ce bakwai da takwas sha huɗu ne, ba ta cewa ya faɗi. Sai ta jawo kujera kusa da shi ta ce, "Ta yaya ka iso nan? Kama hannuna ka kai ni." Yaron ya yi ta bayani, ita tana rubutawa a wani littafi mai baƙin bango. Littafin kuskure take kiransa, kuma yanzu guda ashirin da bakwai ne jere a cikin kabad. Wasu malamai amsar da ta yi daidai suke tarawa. Ita wadda ta karkace take ajiyewa, kamar yadda nake ajiye matattun agogo a gwangwani, domin mataccen agogo ne ke nuna maka yadda mai rai yake tafiya.

Akwai wani mai yankan gilashi a bakin titinmu, kurma ne, ita ta koyar da shi. Mahaifiyarsa ta ba ni labari cewa shekara biyu ana cewa ba shi da kan lissafi. Malama ta zauna ta zuba masa ido, sai ta lura da abin da ba wanda ya lura da shi. Da yatsunsa yake ƙirga, kuma da yatsun nan yake magana. Duk sanda aka tambaye shi abu yana tsakiyar lissafi, sai ya saki adadin da ke hannunsa don ya ba da amsa, in ya dawo ya tarar ya tsere. Ta je ta sayo maƙalan shanya. Duk adadin da yake so ya riƙe, sai ya maƙala shi a wuyan rigarsa, hannu ya samu sarari. Yau in ka je shagonsa za ka same shi da maƙali biyu ko uku a kwalar riga yana auna taga, kuma ban taɓa jin wanda ya mai da masa gilashi don ya gaza ko ya yi yawa ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganar jikata ce.

Ba ta taɓa ganin haske ba tun da aka haife ta. Gardama muke ce mata a gida, kuma sunan bai zalunce ta ba. Ni kuma Tsoho take ce mini, in ta ga dama ta ƙara da "mai agogon ƙarya." Burinta ɗaya ne, ta shiga kwaleji ta karanci kwamfuta, kuma kwalejin ba ta karɓar wanda ba shi da lissafi a takardar kammalawa. Da suka shiga ajin ƙarshe, shugaban makaranta ya shigo ya karanta musu sanarwar hukumar jarrabawa: an yafe wa masu lalurar gani takardar lissafi, ba sai sun zauna mata ba. Wurin sakamakon za a bar shi babu komai.

Gardama ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, laifin me muka yi da za a yafe mana?"

Shugaban ya ce ba shi ya rubuta ba, ya naɗe takardar ya fita. A hanyarmu ta komawa gida ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya. Ubanta, wato ɗana, ya ce a haƙura, a nema mata wani karatun. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, har uwarta ta gaji da bugawa.

Su hukumar suna da dalilinsu. Shekara da shekaru, duk makahon da ya zauna wa lissafi yakan yi ƙoƙari a tarawa da rabawa, amma da an zo tambayoyin siffofi, irin su akwati da gwangwani da tankin ruwa, sai ya zube gaba ɗaya. Har ɗaliban Malama. Wannan abu ya daɗe yana cinta, domin ba wanda ya kai ta wahala a kan siffofin nan. Takan shimfiɗa takarda mai kauri a kan roba, ta bi zanen da ke cikin littafi da ɗan ƙarfe mai haƙora irin na teloli, layin ya fito da tudu yadda yatsa zai ji shi. Ba ta rage ko layi ɗaya. Yadda aka zana wa masu gani, haka take fitar wa marasa gani.

Wata ranar Laraba ta raba musu irin wannan zane. Ina kan bencina na ji muryar Gardama.

"Malama, wannan mene ne?"

"Akwati ne. An ba ki tsawo da faɗi da zurfi, nemo mini yawan abin da zai ci."

"Akwati kuma? Wa ya taka shi?"

Ajin ya fashe da dariya. Malama ba ta yi dariya ba, ta jawo kujera. "Ta yaya kika ji an taka shi?"

"Ga murabba'i nan ɗaya, ga wani ya hau kansa a karkace, ga sanduna huɗu sun jingina. Malama, ina da akwatin kaya a gida. Fuska shida gare shi, kowace kusurwa a tsaye take, ɗaya ma ta taɓa yankata a ƙauri. Wannan kuwa in na kawo kayana, ta ina zan zuba?"

Malama ta ce ai haka akwati yake bayyana in mutum ya tsaya daga gefe yana kallonsa. Gefen da ke nesa yakan karkace, ya kuma ƙanƙance.

"Wa ya ƙanƙantar da shi?"

"Nisa."

"In na matsa na taɓa shi fa?"

"Sai ki same shi daidai da ɗan uwansa."

Gardama ta ce, "Ashe idon naku ƙarya yake yi muku. Ku kuma kuka zana ƙaryar kuka miƙo mana mu shafa."

Ranar a hanya na tsaya cak a tsakiyar titi. Shekarata saba'in da ɗoriya ina bin titin nan, ban taɓa lura cewa can ƙarshensa a tsuke yake ba, kamar bakin mazurari, kuma motar da ta nufi can tana raguwa har ta koma kamar ƙwaro, alhali mutanen ciki ba su ji an matse su ba. Na tsaya ina tunanin ko mu ma haka muke a wurin wanda ke can, 'yan mitsi-mitsi. Gardama ta ja hannun rigata ta ce, "Tsoho, in ka gama mutuwar a tsaye mu tafi, rana tana dukana."

Malama kuwa ta kwashe littattafan kuskuren nan duka ta tafi da su gida a cikin kwali biyu. Ranar Litinin ta dawo idonta ya faɗa. Ta tsaya gaban aji ta ce ta sami yara goma sha tara, a cikin shekarun nan, da suka gaya mata abin da Gardama ta gaya mata. Wani ya ce ambulan ne. Wata ta ce gado ne mai karyayyar ƙafa. Wani ya ce taga ce da iska ta banƙare. Duk ta rubuta da hannunta, kuma a ƙarƙashin kowanne ta sa, "bai gane siffa ba."

Ta ce, "Sun gane. Ni ce ban gane ba. Na tambaye su, sun ba ni amsa, na rubuta, amma ban ji ba." Ta buɗe sabon shafi, ta rubuta sunanta a sama inda take rubuta sunan yaro, ta zayyana kuskurenta a ƙasa, tana karantawa da ƙarfi don su ji.

Malama, ke ce na taɓa gani da idona, mai furfura a ka, ta tsaya gaban yaran da ta girme wa iyayensu ta ce ni na ɓata. Na yi aiki da manyan masu sana'a, na ga wanda zai lalata agogon mutum ya rantse da ma haka ya zo. Ke kuwa ba wanda ya kama ki, ke kika kama kanki. Uwar masu tambaya, wadda ba ta jin kunyar komawa baya ta ɗauko abin da ta yar.

A cikin makon nan ne Allah ya kawo wata matashiya daga jami'a. Bincike take yi a kan yadda ake koyar da lissafi ga yara masu buƙata ta musamman. Muna ce mata Dakta, tana cewa tukuna, ba ta kai ba, mu kuma muka ƙi dainawa. Ta zo da takarda mai tambaya arba'in, kowacce da ɗan gidan da za a sa alama, ta ce kwana biyu za ta yi. Malama ta amsa mata guda uku, sannan ta ce, "'Yata, ajiye wannan tukuna," ta tura mata kwalin nan. Dakta ta buɗe littafi ɗaya a tsaye. Na biyu a zaune ta karanta shi. Zango guda cur ta yi a makarantar, har mai shara ya fara ba ta tsintsiya ta riƙe masa.

Ita ce ta ce a gwada abin a tsare, yadda ba wanda zai ce son kai ne. Tambaya iri ɗaya, a ba yaro sau ɗaya da zane mai tudu, sau ɗaya da abin da zai riƙe a hannu ya jujjuya. Nan kafintan makaranta ya shigo cikin maganar, mutum mai mita amma mai hannu. Malama ta sa shi ya yi akwatuna ƙanana, da gwangwanaye na itace, da wasu masu tsini kamar hula, da wani akwati mai maɗaurin ƙyalle da ke buɗewa ya kwanta shimfiɗe, fuskokinsa shida a fili. Ya kawo na farko yana taƙama. Ta rufe ido ta shafa, ta miƙa masa.

"Gefen nan ya fi wancan."

"Haba Malama! Da me ya fi shi? Ko gashin gira bai kai ba. Wa zai gani?"

"Ba wanda zai gani. Ji za su yi."

Ya ce shi kujeru aka ɗauke shi gyarawa, ba kayan wasan yara ba. Ya tafi yana ƙunƙuni, ya dawo da wani. Sai a na huɗu ta karɓa. Daga baya da kansa yake rufe ido yana shafa katako kafin ya kawo, in ya ga ina kallonsa ya ce ƙura ce ta shiga idonsa.

Yara goma sha biyu aka gwada, har da na wata makarantar. Da zane, biyu suka samu. Da itace, goma. Dakta ta tsara wannan a takarda, ta haɗa da maganganun yara sha taran nan kamar yadda suka faɗe su. Malama ta sa hannu, suka aika wa hukuma suna roƙon abu ɗaya: a bar makafi su zauna wa lissafi, a ba su siffofin a hannu maimakon zane. Wasiƙa ta farko shiru. Ta biyu shiru. Malama ta ɗauki ta uku ta kai da ƙafarta, ta zauna a bakin ofis tun safe har aka tashi, washegari ta koma. Saura kwana tara a rufe rajistar jarrabawa, sai ga mutum uku daga hukumar sun zo a mota.

A ajin aka zauna. An kira ɗana, ni kuma ba a kira ni ba, amma ba a rufe taga ba. Babbansu dattijo ne mai biro uku a aljihu, kuma ba mugu ba ne, wannan zan faɗa. Ya ce, "Malama, ba ƙiyayya ce ta sa muka cire su ba, tausayi ne. Don me za mu zaunar da yarinya awa uku, mu san faɗuwa za ta yi? Sannan katako a ɗakin jarrabawa, gobe wani ya ɓoye amsa a ciki, wa za a kama?"

Malama ta ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka. Amma kafin mu ci gaba, ina roƙon ku taimaka mini da wani ɗan abu."

Ta riga ta shimfiɗa mayafin tebur a kan wasu takardu uku masu zane mai tudu. Ta ce kowa ya zura hannu a ƙarƙashi, ya shafa, ya faɗi abin da aka zana. Suka dubi juna. Ƙaraminsu ya fara, ya ce taga ce. Na biyu ya shafa ya ce a'a, ambulan ce, ga ma inda ake liƙewa. Dattijon ya daɗe hannunsa na ciki, yana kallon rufin ɗaki, goshinsa ya tattare. Can ya ce, "Keji ne. Ko kuwa tebur da aka kifar."

Ta yaye mayafin. Zane ɗaya ne a duk takardun uku, kuma tambaya ta sha huɗu ce a jarrabawarsu ta bara. Tankin ruwa mai kusurwa huɗu.

Dattijon ya ɗauki takardar ya duba da ido, ya sake rufe ido ya shafa, ya buɗe. Sai Malama ta kira Gardama, ta sa mata tankin itace a hannu, an manna masa awonsa da ɗigo-ɗigo a gefe uku. Ta ce wa dattijon ya canza tambayar yadda ya so. Ya ce to, in an cika shi zuwa kashi biyu cikin uku, ruwa nawa ke ciki?

Daga taga ina kallon yatsun yarinyar nan. Ta juya tankin, ta bi tsawonsa, ta bi faɗinsa, ta sa babban yatsa a inda ruwan zai tsaya. Ta koma kan allon lissafinta mai ƙwallaye tana turawa. Ta tsaya, ta goge, ta sake. Sannan ta faɗi amsa.

Dattijon ya zaro biro ɗaya ya fara lissafawa a bayan takarda. Ya yi layi biyu ya soke. Ya zaro biro na biyu. Lissafin ya yi tsawo, sai Gardama ta miƙa hannu wajen da take jin numfashinsa ta ce, "Ranka ya daɗe, ko in ara maka tankin?"

Ɗana ya ce, "Ke! Ba ki da kunya?" yana neman inda zai sa kansa. Amma dattijon dariya ya yi har ya cire tabarau ya share ido. Ya ce amsarta daidai ce. Sai dai bai yi alkawari ba. Ya ce ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, za su duba. Ya nemi a ba shi takardar nan mai tudu ya tafi da ita, ya sa a aljihu bayan birukansa.

Kwana bakwai muna jira. Gardama ta daina cin abincin kirki, amma kullum Malama sai ta ba ta aikin lissafi kamar an riga an amince. Na ji ta ce mata, "Ko sun ƙi, abin da kika sani ba za su zo su cire shi daga kanki ba. Ɗauki allonki." A rana ta takwas wasiƙa ta iso. An yarda a gwada na shekara ɗaya. Siffofin za a kai wa hukuma ta duba ta rufe a kwali, ba za a buɗe ba sai a ɗakin jarrabawa. Kafinta ya ce wato shi ake zargi ke nan, sannan ya kwana biyu yana goge su da takardar yashi.

Ranar jarrabawa, mai sa ido ya ɗauki kowane katako ya kaɗa shi a kunnensa, ko zai ji wani abu na motsi a ciki. Malama ba a bar ta ta shiga ba. A bencina ta zauna, karo na farko cikin shekara shida, ta harɗe hannu. Na so in ɗebe mata kewa da labarin wani agogo da na taɓa gyarawa mai tafiya da baya, na duba fuskarta na fasa. Da aka buɗe ƙofa Gardama ta fito da sandarta tana cewa, "Tambaya ta tara ta ci ni, amma sauran ni na ci su. Ina Tsohon nan? Ko ya yi barci?"

Makon jiya sakamako ya fito. A cikin ajin Malama, ɗana ya buɗe ambulan, ya bi layi-layi har ya zo kan lissafi. Ta ci, da kiredit. Uwarta ta fashe da kuka, kafinta ya fita waje wai zai duba wata ƙofa. Gardama ta ce a ba ta takardar. Ta shafa ta daga sama har ƙasa, ta juya bayanta ta shafa. Sumul take, babu abin da yatsa zai kama.

Ta ce, "A ina yake?"

Ubanta ya ɗora yatsanta a wurin. Ta ce, "Nan ɗin ma ba komai."

Malama ta miƙa hannu ta karɓi takardar, ta ɗauko tsinken da makafi suke rubutu da shi. Ɗana ya zabura. "Malama, takardar hukuma ce fa! In aka ce an ɓata ta?"

Ta ce, "A gefe zan yi, ba zan taɓa rubutunsu ba. Mai takarda dai ya kamata ta karanta takardarta." Ta kifa ta, ta huda ɗigo-ɗigo a bakin gefen, ta mai da wa yarinyar. Gardama ta bi wurin da yatsa sau ɗaya, ta sake bi, ta sake. Sai ta lalubo hannun Malama ta riƙe.

Malama, mun gode. Na gode a madadin gidanmu, da mai yankan gilashi da uwarsa, da yara sha taran nan da ba su sami abin da jikata ta samu ba, amma ba ki bar maganarsu ta faɗi ƙasa ba. Ke kika koya wa yara lissafi, kika bar yara suka koya miki koyarwa. Allah ya ba ki lafiyar hutawa, ya sa ki ga amfanin abin da kika shuka da idonki, ya saka wa iyayen da suka haife ki.

Ku kuma malamai masu tasowa, da ku masu bincike da ke yawo da takardun tambaya, ga abin koyi nan tun tana raye, kuma gidanta ba shi da nisa da makaranta. Idan yara da yawa suka faɗi a wuri ɗaya, ku je ku duba wurin kafin ku ce yaran ne. Ku jawo kujera ku zauna kusa da yaro, ku bar shi ya gama maganarsa. Iyaye kuma, in an ce an yafe wa ɗanku wani karatu don tausayi, ku tambaya me za a rufe masa da wannan tausayin.

Jiya Gardama ta kai takardarta ofishin kwaleji, ni da ubanta muna bayanta. Akawun ya ɗaga takardar wajen haske, ya ga 'yan hujojin nan, ya ɓata rai ya ce, "Wa ya huda takardar hukuma haka?"

Ta ce, "Wadda ta koya mini abin da ke ciki."

Ya dube ta, ya dubi layin lissafi, ya jawo hatimi ya buga.